Zabura 104: a karanta ta duka, ko a tsallake aya ta 35?

Istifanus:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shawara nake nema wurin masu koyarwa game da Zabura 104. Idan aka ba mutum awa ɗaya ya bi da ƙungiyar nazari a kanta, ta ina zai kama? Ayoyi 35 ne, kuma kusan kowace aya da halittar da ke cikinta: haske, gizagizai, maɓuɓɓugai, jakunan jeji, shamuwa, rema, zakoki, har da jiragen ruwa. In aka ce a tsaya a kan kowanne, awa uku ma ba za ta isa ba. Sai tambaya ta biyu: aya ta 35, inda mai zabura yake roƙon a kawar da masu zunubi daga duniya. Akwai jadawalin karatun Lahadi da yake tsallake rabin farko na ayar. A karanta ta ko a bar ta?

Fasto Bitrus:
Ɗana Istifanus, Ubangiji ya ƙara maka basira. Kada ka fara da bayani. A fara karanta zaburar gaba ɗaya da murya, mutum ɗaya wanda ya iya karatu a natse, sauran su rufe littafi su saurara. Minti 4 zuwa 5 take ci, ba ta wuce haka. Babban abin da ke lalata nazarin irin wannan zabura shi ne a rarraba ta aya-aya ga duk wanda ke zaune. Kowa zai koma ƙirga layi yana jiran tasa ta iso, a gama ba wanda ya ji waƙar.

Bayan karatun sai ka raba ta kashi bakwai. Aya 1 zuwa 4 sararin sama ne: Allah ya yafa haske kamar riga, ya shimfiɗa sammai kamar alfarwa, gizagizai ne karusarsa. Aya 5 zuwa 9 kafa duniya da yi wa ruwaye iyaka. Aya 10 zuwa 18 ruwan sha da duk abin da yake rayarwa. Aya 19 zuwa 23 wata da rana, dare da yini. Aya 24 zuwa 26 teku. Aya 27 zuwa 30 hannun da ke ciyarwa da numfashin da ke rayarwa. Aya 31 zuwa 35 amsar da mai zabura ya bayar daga zuciyarsa.

Kada ka raba lokacin daidai wa daida. Minti 5 karatu, minti 5 ga aya 1 zuwa 9 a haɗe, minti 15 ga 10 zuwa 18, minti 10 ga 19 zuwa 26, minti 15 ga 27 zuwa 30, minti 5 ga ƙarshen, minti 5 addu'a. Aya 27 zuwa 30 su ne zuciyar zaburar. Idan lokaci ya ƙure kafin ka kai can, ba ka koyar da Zabura 104 ba, ka dai zagaya da mutane kallon dabbobi.

Mama Rifkatu:
Na goyi bayan tsarin Baba Fasto. Zan ƙara da aikin hannu ɗaya da ke sa kowa ya ga abin da idonsa. A ba kowa takarda mai ɗauke da zaburar, a ce ya ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da aka ce Allah ne yake yinsa. In sun gama a tambaye su: waɗanne ne ya yi tun da can ya gama, waɗanne ne yake kan yi? Za su tarar aya 5 zuwa 9 ne suka fi ba da labarin abin da ya wuce. Daga aya ta 10 kuwa sai ka ji yana ɓuɓɓugo da ruwa, yana shayar da duwatsu, yana tsirar da ciyawa, yana kawo duhu, yana buɗe hannu. Mutane da yawa suna zuwa da tunanin cewa zaburar halitta labarin farkon duniya ce kawai. Wannan aikin na minti 5 yake gyara tunanin. Sai ka haɗa musu da Yahaya 5:17, inda Ubangiji Yesu ya ce Ubansa yana aiki har yanzu.

Istifanus:
Na gode Mama. To zancen cewa zaburar tana bin kwanaki bakwai na Farawa sura 1 fa? In sa shi cikin nazarin?

Malam Iliya:
Ka sa, amma kada ka matsa masa. Kamannin yana nan a fili: haske a aya ta 2 kamar rana ta fari, sarari da ruwayen sama kamar rana ta biyu, sandararriyar ƙasa da tsire-tsire kamar rana ta uku, wata da rana a aya ta 19 kamar rana ta huɗu, halittun teku kamar rana ta biyar, ciyar da masu rai kamar rana ta shida, sai farin cikin Ubangiji da ayyukansa a aya ta 31 wanda ke tuna mana hutun rana ta bakwai.

Inda masu koyarwa ke shiga matsala shi ne zana jadawali mai layi bakwai a allo su ce kowace aya dole ta zauna a ɗakinta. Ba za ta zauna ba. Tsuntsaye sun riga sun yi sheƙa suna waƙa a aya ta 12, mutum yana noma a aya ta 14, alhali wata da rana ba su fito ba sai aya ta 19. Wani mai lura a cikin ƙungiyar zai ɗaga hannu ya ce Littafi ya saɓa wa kansa, sai minti 20 su tafi a gardamar da ba ta da tushe. Mai zabura ba jerin kwanaki yake sake rubutawa ba. Duniyar da aka gama yi yake kallo tana tafiya, da zarar ya ambaci ruwa sai idonsa ya bi ruwan ya ga masu sha.

Ka kuma lura da inda zaburar ta zauna. Tana cikin littafi na huɗu na Zabura, wato 90 zuwa 106. Ita da 103 tagwaye ne, dukansu sun buɗe sun kuma rufe da kiran rai ya yabi Ubangiji. Ta 103 tana yabonsa saboda gafara da jinƙai, ta 104 saboda halitta da ciyarwa, 105 da 106 kuma saboda tarihin Isra'ila.

Dattijo Yakubu:
Ni abin da ke damuna daban ne. Ku yi hattara kada nazarin Maganar Allah ya koma darasin dabbobi da itatuwa. Romawa 1:25 ta yi gargaɗi a kan masu bauta wa halitta su bar Mahalicci. Awa guda ana zancen rema da shamuwa, ina Almasihu a ciki? Mai zunubin da ya shigo zai fita da me?

Malam Iliya:
Baba Dattijo, damuwarku tana kan hanya, amma zaburar da kanta ta tsare wannan ƙofar. Ba ta yi wa rana ko teku kirari ko sau ɗaya ba. Ana ganin haka sosai idan aka ajiye ta kusa da waƙar da aka yi wa Aten, allahn rana, a Masar, zamanin Fir'auna Akenaten, ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu. An samu waƙar a rubuce a bangon kabarin Ay, wani babban bafaden Akenaten, a garin Amarna. Ta yi kama da aya 20 zuwa 30 ƙwarai: zakoki suna fita da dare, gari ya waye mutane su kama aiki, jirage suna yawo a ruwa, har da mamakin yawan ayyukan abin bautar. Masana sun sha bamban a kan ko akwai dangantaka kai tsaye tsakaninsu. Abin da ba a gardama a kai shi ne bambancin. A waƙar Masar, faifan rana shi ne allahn, in ya faɗi duniya ta zama kamar matacciya. A Zabura 104, rana bawa ce da ta san lokacin faɗuwarta, aya ta 20 kuma ta ce Ubangiji ne yake kawo duhun. Dare ma nasa ne, ba ya barin duniya in rana ta faɗi. Wanda ya fahimci wannan ba zai rusuna wa halitta ba.

Fasto Bitrus:
Baba Dattijo, Almasihu yana ciki, ba sai an cusa shi da ƙarfi ba. Ibraniyawa 1:7 ta ɗauko aya ta 4 ta wannan zabura don ta nuna mala'iku ma'aikata ne, Ɗan kuwa shi ne mai kursiyi. A sura ɗin dai, aya ta 3, aka ce yana riƙe da dukan abubuwa da ikon maganarsa. Kolosiyawa 1:16-17 ta ce ta wurinsa aka halicci kome, a cikinsa kuma kome yake haɗe. Saboda haka hannun da ke buɗewa a aya ta 28 ba baƙon hannu ba ne gare mu. Istifanus, ka ajiye waɗannan nassoshi biyu sai ka kai aya 27 zuwa 30. In ka kawo su tun a farko, mutane za su tsallake zaburar su tafi Sabon Alkawari, ba za su dawo ba.

Dattijo Yakubu:
To, in dai za a kai can, ba ni da ja. Amma a kai ɗin.

Saratu:
Iyayena, ku ba ni dama in ce wani abu a kan halittun, domin sanin su yana ƙara wa yabon nauyi. Rema ɗin aya ta 18 ƙaramar dabba ce, ba ta iya haƙa rami mai zurfi, ba ta da makamin faɗa da manyan namun daji. Tafin ƙafarta mai taushi ne da danshi, shi yake riƙe ta a jikin dutse mai santsi. Tsaguwar dutse ita ce kariyarta, shi ya sa Karin Magana 30:26 ta lissafta ta cikin ƙananan halittu masu hikima. Awakin jejin da aka ambata tare da ita har yau ana ganinsu a duwatsun En Gedi kusa da Tekun Gishiri, wurin da Dauda ya ɓuya wa Saul. Shamuwar kuwa tana ratsa ƙasar Isra'ila sau biyu a shekara a hanyarta tsakanin Turai da Afirka, Irmiya 8:7 ma ya ce ta san lokatanta. Itatuwan al'ul na Lebanon su ne Sulemanu ya sayo daga wurin Hiram sarkin Taya don gina Haikali, amma a nan mai zabura bai kira su katako ba. Ya ce itatuwan Ubangiji ne, shi ya dasa su, tsuntsaye ne masu gida a kai.

Abin da nake so ƙungiya ta lura: yawancin halittun nan ba su da amfani ga ɗan adam. Jakin jeji ba ya ɗaukar kaya, Ayuba 39 ta ce ba ya ma jin tsawar mai kora. Rema haramun ce ga Ba'isra'ile bisa ga Littafin Firistoci 11:5. Duk da haka ana shayar da su, an tanadar musu gida. Mutum ya fito ne a aya 14, 15 da 23, yana cikin jerin masu ci da masu aiki. A Zabura 8 an naɗa shi sarki bisa halitta, a nan an zaunar da shi a layi ɗaya da zaki, dukansu suna jiran abinci daga hannu ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, amma ta biyun ba a cika wa'azinta ba.

Mama Rifkatu:
'Yata Saratu, Allah ya yi miki albarka. Aya 22 da 23 suna daga cikin mafi daɗi a wurina saboda wannan. Rana ta fito, zakoki sun koma sun kwanta, mutum ya fita aikinsa har yamma. Fita aiki da safe ya shiga cikin waƙar yabo, ba a ce la'ana ba ne. Wannan ya isa tambayar tattaunawa guda: wane aiki kake fita yi, ka taɓa ganinsa a matsayin gurbinka cikin tsarin da Allah ya shirya?

Istifanus:
Aya ta 5 fa, da ta ce an kafa duniya ba za ta jijjigu ba har abada? In akwai ɗalibin kimiyya a wurin zai ce ai duniya tana juyawa.

Malam Iliya:
Ka amsa masa a taƙaice. Ayar tana cikin waɗanda aka riƙa kafa hujja da su a kan masu cewa duniya ce ke zagaya rana, rigimar da ta kai ga shari'ar masanin taurari Galileyo a 1633. Kuskuren shi ne karanta waƙa kamar littafin lissafin taurari. Wannan zabura ɗin ta ce Allah yana tafiya a kan fikafikan iska, ya kafa ginshiƙan ɗakunansa a kan ruwa, ba wanda ya tashi neman katakon. Aya ta 5 tana cewa ƙasar da muke takawa abin dogara ce domin akwai mai riƙe da ita. Aya ta 32 ta kuma ce in ya dube ta sai ta yi rawa, in ya taɓa duwatsu sai su yi hayaƙi, kamar yadda ya faru a Sina'i. Ka ga mai zabura ya san girgizar ƙasa. Haka kuma kada ka juya ta ɗaya gefen ka ce zaburar ta riga masana gano wani abu. Wannan ma ɗora mata kayan da ba nata ba ne.

Dattijo Yakubu:
Akwai aya ta 15 ma. Ruwan inabi mai faranta zuciyar mutum. Matasa za su riƙe wannan su ce Littafi ya ba su izini. Ni da a wuce ta da sauri.

Fasto Bitrus:
In aka wuce ta da sauri, Baba, su ne za su fara lura an wuce ta. Gara a faɗi abin da take faɗa. Hatsi, ruwan inabi da man zaitun su ne manyan amfanin gona uku na ƙasar Isra'ila, tare ake ambatonsu a Maimaitawar Shari'a 7:13 da 11:14. Dukansu uku sai an yi musu aiki: a niƙa, a matse, a tace. Ayar tana gode wa Allah ne da ya ba da abin da ya wuce na tsira da rai kawai, ya ba da na ƙarfi, da na hasken fuska, da na farin ciki. Ba ta ba da izinin maye ba. Karin Magana 23:29-35 da Afisawa 5:18 suna nan daram, Romawa 14:21 kuma ta ce a bar abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Minti 2 sun isa a faɗi haka a wuce.

Hannatu:
Bari in kawo ɓangaren waƙa, tunda zabura ce. Kada mawaƙa su ce za su sa wa ayoyi 35 murya ɗaya su rera a jere. Tsawon layukan ba ɗaya ba ne, jama'a za su gaji tun kafin a kai teku. Abin da ya fi aiki shi ne mai karatu ya karanta kashi-kashi, jama'a su amsa da amshi ɗaya bayan kowane kashi, sau bakwai ke nan. Aya ta 24 ce ta fi dacewa da amshi, wadda take mamakin yawan ayyukan Ubangiji da hikimar da ya yi su da ita. A ranar Fentikos kuwa aya ta 30 ake ɗauka, ta aiko da Ruhu da sabunta fuskar duniya, ikkilisiyoyi da yawa haka suke yi. Amshin kada ya wuce layi biyu, a koya wa jama'a shi sau uku kafin a fara.

Wuri biyu ne ake yawan ɓatawa. Na ɗaya, masu kiɗa su riƙe zafi ɗaya daga farko har ƙarshe, har a aya ta 29 inda ake cewa in ya ɓoye fuskarsa sai su firgita, in ya ɗauke numfashinsu sai su mutu su koma ƙasa. Ba a rera wannan da rawa. A sassauta kiɗan ko a tsayar da shi, a dawo da shi a aya ta 30. Na biyu, a karatun amsa-amsa ana raba ayoyi mara da cika tsakanin mai bi da sujada da jama'a, sai jimla ta katse a tsakiya, domin aya 14 da 15 magana ɗaya ce, haka 27 da 28. A raba bisa ga ma'ana.

Ga mai bimbini shi kaɗai, zaburar ta dace da yamma. Ikkilisiyar Otodoks da ita take buɗe sujadar maraice, a lissafinsu ita ce ta 103. Yahudawa kuma suna karanta ta a ranar tsayuwar sabon wata, saboda aya ta 19.

Saratu:
Shi ya sa ma aka ambaci wata kafin rana a ayar. Da wata Isra'ila take ƙirga idodinta, Idin Ƙetarewa ran 14 ga watan fari, yini kuma daga faɗuwar rana yake farawa a wurinsu.

Mama Rifkatu:
Tambayar da yara da manya suke yi a aya ta 21 ita ce: zaki yana ruri yana neman abinci wurin Allah, to abincin nan ai wata dabba ce. Allah mai ƙauna ne yake ba shi barewa? Me za a ce?

Malam Iliya:
Mama, kada a ba da amsar da ta fi nassin sauƙi. Mai zabura ya ga farauta da mutuwa, bai kau da kai ba, ya sa su cikin yabo. Bai ce zaki mugu ne ba. Masu bi sun bambanta a kan ko dabbobi suna cin juna tun kafin faɗuwar Adamu, wannan zabura kuwa ba ta yanke hukunci a kai ba, don haka kada a tilasta mata. Abin da za a iya faɗa da tabbaci uku ne. Ran kowace halitta a hannun Allah yake, ba abin da ke mutuwa a bayan idonsa, Matiyu 10:29 ta faɗi haka a kan ɗan tsuntsu. Halitta tana nishi tana jiran 'yanci, Romawa 8:19-22. Ishaya 11 kuma ya yi alkawarin ranar da zaki zai ci ciyawa kamar sa. Ga yara, na farkon ya isa.

Haka Lewiyatan na aya ta 26. A Zabura 74:14 da Ishaya 27:1 dodon ruwa ne da Allah yake fatattaka, a Ayuba 41 ba ɗan adam da zai tunkare shi. A nan an ce Allah ya yi shi ne don ya yi wasa a teku. Abin da ya fi ba mutanen wancan zamani tsoro, shi ne aka nuna yana wasa kusa da jirage. Wannan aya tana da amfani sosai ga wanda tsoro ya dame shi, kada a bar ta a baya.

Istifanus:
Saura aya ta 35 iyayena. Har yanzu ba a ce mini kome a kanta ba.

Hannatu:
A ra'ayina a nazari a karanta ta, amma a sujadar Lahadi a bi jadawalin da ya tsallake rabin farko. Babu lokacin bayani a tsakiyar waƙa. Baƙon da ya shigo zai ji jama'a suna roƙon a hallaka masu zunubi, nan take kuma su ce Halleluya. Me zai ɗauka?

Dattijo Yakubu:
A'a 'yata. Wa ya ba mu almakashin yanke Maganar Allah? Yau an cire rabin aya don kada baƙo ya ji zafi, gobe a cire sura. A karanta ta yadda take.

Fasto Bitrus:
Hannatu, damuwarki ta makiyaya ce, na karɓe ta. Amma ina tare da Baba Dattijo a kan karantawa, ko da yake dalilina ya ɗan bambanta. Ku duba ayoyi 34 da suka gabata. Ruwa ya tsaya a iyakarsa, rana ta san lokacinta, zaki ya koma makwancinsa in gari ya waye, dodon ruwa ma yana inda aka sa shi. Kome yana biyayya. Halitta ɗaya ce tak take ƙetare iyaka, ita ce mutum. In aka cire aya ta 35, zaburar ta zama hoton duniyar da ba ta da wata damuwa, wanda aka zalunta kuma zai ji ba da shi ake ba. Wanda yake ƙaunar aikin Allah da gaske ba zai iya zama lafiya da abin da ke ɓata shi ba. Mai zabura bai ɗauki takobi ba, bai kira sunan kowa ba, ya miƙa wa Allah maganar.

Yadda za a bi da ita kuwa shi ne, kada a bar kowa ya karanta ta yana tunanin maƙwabcinsa. Mu ma muna cikin masu zunubin. Allah yana kawar da mai zunubi ta hanya biyu, ko ta hukunci ko ta tuba, Ezekiyel 33:11 kuma ta ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. A nan ne Zabura 103 take shigowa, mai cewa bai yi mana gwargwadon zunubanmu ba. Ga amsar tambayar Baba Dattijo ta ɗazu a kan abin da mai zunubi zai fita da shi.

Malam Iliya:
Ƙari ɗaya: a ƙarshen wannan aya ce kalmar Halleluya ta fara bayyana a littafin Zabura, bayan zabura 103 sun wuce ba ita. A Sabon Alkawari kuma ba ta fito ba sai a Wahayin Yahaya sura 19, bayan faɗuwar Babila. A wurare biyun tana manne da kawar da mugunta.

Hannatu:
Na ji hujjar, a nazari kam ba ni da ja. A sujada har yanzu ina ganin sai da sharaɗi. In za a karanta ta, mai bi da sujada ne zai karanta rabin farko shi kaɗai, ba jama'a ba, kuma ba da kiɗa ba. Jama'a su shigo a kiran rai ya yabi Ubangiji. Mai wa'azi kuma ya yi alkawarin taɓa ayar ko da jimla uku ne. In ba zai taɓa ta ba, ina nan a kan bakana.

Dattijo Yakubu:
Wannan sharaɗin na yarda da shi. Mai wa'azin da ba zai taɓa ta ba, shi ne ya kamata a yi wa magana.

Fasto Bitrus:
Istifanus, to sai ka gyara lissafin da na ba ka. Minti 5 ba za su isa aya 31 zuwa 35 ba. Ka rage 5 daga kashi na 10 zuwa 18 ka mayar can, ya zama 10 da 10. Aikin jan layi na Mama Rifkatu a yi shi a gida kafin a zo, tare da karanta Zabura 103, ka aika musu saƙo tun kwana uku kafin ranar. Zancen Masar da na Galileyo ka riƙe su a aljihu, sai in an tambaya. Addu'ar rufewa kuma kada ka yi ta kai kaɗai: kowa ya ambaci halitta ɗaya da ba ta cikin zaburar ya gode a kanta da jimla ɗaya, in mutanen sun wuce 15 a kasa su gida biyu don minti 5 ɗin su isa.